Ciwo Mai Yawo

"Ɗaga ta wajenka, Jiniya. Ba buhun gawayi ka ɗauko ba, matata ce."

"Na ɗaga," na ce. "Kai ne kake karkata."

"Ku biyun ku yi mini shiru ku kai ni rana," in ji Nekesa daga cikin kujerar. Maganar ta fito mata guntu-guntu, tana tsayawa tana jan iska.

Muka fito da ita daga ɗakinsu a kan farar kujerar roba, ni da mijinta Barasa, muka bi gefen kwatar tsakar gida, muka wuce ƙarƙashin igiyoyin shanya, muka ajiye ta kusa da famfo inda rana ke fara sauka. Watan Yuli ne, sanyin Nairobi yana shiga har ƙashi. Barasa ya gyara mata matasan kai guda biyu a baya, ya ɗora ƙafafunta a kan bokitin da ya kifa. Ƙafafun sun kumbura sun yi sheƙi, ko silifas ba sa shiga. A gefen wuyanta akwai wata jijiya da ke tsalle ba ta hutawa, kana tsaye daga nesa kana ganinta. Nakan yi ƙoƙari kada in kalle ta, amma idona can yake komawa.

Barasa ya tafi kai burodi shaguna. Ni ma na juya zan ɗauki jakata, sai Nekesa ta ce mini, "Baban Mwende, jiya na ji 'yar nan taka tana kuka."

"Ciwon girma ne," na ce. "Likita ya gan ta."

"Wace ƙafa?"

"Ta hagu. Idon sawu."

"Makon jiya ba gwiwar dama ba ce?"

"Wannan ta warke."

Ta dube ni. Jijiyar wuyanta tana ta tsalle.

Gidanmu na haya ne a Kariobangi, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, bayi biyu. Ɗakinmu da nasu Nekesa bango ɗaya ya raba, bangon kuma ba ya ɓoye komai. In sun soya albasa mu ne muke hawaye. Kowace mace a gidan ana kiranta da sunan ɗanta, Maman wane, Maman wance, sai ita kaɗai ake kira da sunanta, yara su ce Anti Nekesa. Likitoci sun gaya mata tun tana amarya cewa in ta ɗauki ciki zuciyarta ba za ta kai ta haihuwa ba. Da can tana soya kifi a bakin titi. Sai ta koma soyawa a zaune, sai ta daina. A lokacin da nake ba da labarinsa ba ta iya kwanciya a miƙe, a zaune take barci, bayanta jingine da bangon nan namu. Shekarunta ba su kai arba'in ba.

Ni Mutiso sunana, walda nake yi, ƙyauren ƙarfe da taga. Amma a gidan ba mai kirana da sunana. Barasa ne ya laƙa mini Jiniya, tun ranar da na ɗauki Mwende tana jaririya na ruga da ita asibiti ba takalmi, ashe shaƙuwa ce kawai. Ita kaɗai Allah ya ba mu, ni da matata Kalekye. In ta yi atishawa sai na taɓa goshinta. In ta ƙi cin ugali, tuwon masararmu, sai na kasa cin nawa. Ma'aikatan ƙaramin asibitin unguwarmu sun san ni, suna hango ni suke dariya. Mutum yana gajiya da a yi masa dariya.

Shi ya sa da Mwende ta fara kukan gwiwa, tana shekara tara, na ɗaure kaina na zauna. Kalekye ta kira uwarta a Machakos, tsohuwar ta ce, "Girma ne yake jan ƙashinta. Ku shafa mata mai ku ɗaure da zane. Ki ce wa mijin nan naki kada ya tara mana jama'a." Aka shafa, aka ɗaure. Na yi kwana biyu ina waldar banza, ina ƙona ƙarfe, sannan wani abokin aikina ya ba ni labarin likitan ƙashin baya da ke Ngara, wanda ya tayar da shi bayan ya yi wata uku ba ya iya sunkuyawa. Ba allura, ba ƙwaya, hannu kawai. Ya ce yana ganin yara ma. Wannan ya yi mini daidai. Ba asibiti ba ne, ba wanda zai ce Jiniya ya sake tashi.

Sai da muka jira gwiwar ta lafa, don ba a shiga matatu, motar haya mai cunkoso, da yarinyar da ba ta iya taka ƙafa. Ranar Asabar muka je, ni da ita. Ɗakin yana hawa na biyu, da wani dogon gado mai rami a wajen fuska, da ƙashin bayan roba a rataye kamar igiyar albasa. Dakta Kinyua mutum ne mai sanyin magana. Ya sa ta tafiya zuwa ƙofa ta dawo, ya lanƙwasa ƙafafunta, ya tattaɓa gwiwar. Lafiya lau, ba kumburi, ba zafi.

"Mwende, da yaushe yake miki ciwo?" ya tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin siket. A gidanmu yaro ba ya surutu gaban babba, haka muka koya mata.

"Da yamma ne, Dakta," na amsa mata. Ba ƙarya na yi ba, da yamma nake gida, da yamma nake jin kukan.

"Ƙafa biyun?"

"Wani lokaci wannan, wani lokaci waccan."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ciwon girma yakan kama ƙafa biyu, a naman sha-raɓa ko cinya, da yamma ko da dare, gari na wayewa yaro ya tashi yana gudu kamar ba shi ba. Ya ce in haka ne ba abin tsoro. Amma in muka ga gaɓa ta kumbura, ko ta yi zafi, ko yarinyar ta tashi da safe tana ɗingishi, ko zazzaɓi, to ba aikinsa ba ne, asibiti za mu nufa. Na ce to. Ya kwantar da ita ya danna mata baya da ƙugu a hankali, wani abu ya yi ƙas, ta yi dariya. Ya nuna mini yadda zan riƙa miƙar mata da ƙafa kafin barci. Muka fito na saya mata soyayyen dankali, ta cinye, ta yi tsalle-tsalle har tasha.

Gwiwar ba ta sake ciwo ba. Na ce wa Kalekye, "Kin gani?"

Bayan 'yan kwanaki ciwon ya ɓulla a ɗaya gwiwar. Muka jira ya lafa, muka koma Ngara, aka danna, ya tafi. Sai ya sauka idon sawu. Ni kuwa na sami bayanin da ya kwantar mini da rai, daga sana'ata na ɗauko shi. In ƙyaure ya murɗe, ka buga wannan kusurwa ta miƙe, murɗewar sai ta gudu waccan. Ka bi ta can, ta sake gudu. Haka za ka yi ta korarta har ta rasa wurin zuwa. Kalekye ta ce, "Ai ƙasa yake yi. Ta yatsu zai fita." Da safe ni nake riga kowa fita, ban ga yadda Mwende take sauka daga gado ba. Jikinta yakan yi ɗumi, amma a watan Yuli wane yaro ne a Kariobangi ba ya mura? Kullum kuma sai ta ji sauƙi muke kai ta, don haka Dakta Kinyua bai taɓa ganinta ba sai tana tsalle.

Wata Lahadi bayan an taso coci na dawo na tarar da Mwende zaune a ƙasa kusa da kujerar Nekesa, ƙafarta a kan cinyar matar. Nekesa ta ɗora bayan hannunta a idon sawun, sannan ta ɗora a ɗayan, kamar mai gwada dutsen guga.

"Zo ka taɓa," ta ce.

Na taɓa. Ɗaya sanyi, ɗaya kamar kofin shayi.

"Ta sha rana ne," na ce.

"Ƙafa ɗaya ce ta sha ranar?" Ta juya ga yarinyar. "Mwende, kwanakin baya maƙogwaronki ya yi ciwo?"

"E, Anti. Kafin a yi hutu."

"Me aka ba ki?"

"Lemun tsami da zuma."

"Je ki ce wa mamanki ta ara mini gishiri."

Mwende ta tashi ta tafi, tana taka ƙafar da gefe. Nekesa ta bi ta da ido har ta shige ɗaki, sannan ta huta, ta tara numfashi.

"Ina kamar ita," ta ce, "can gida Bungoma, nawa ya fara. Yau gwiwa, jibi gwiwar hannu. Kakata ta shafa mini man shanu, ta ce tsawo zan yi, sai na wuce ƙofa." Ta yi ɗan murmushi. "Dube ni. Ko kafaɗar Barasa ban kai ba, shi kuma gajere ne."

"Ai kowane yaro yana ciwon ƙafa."

"Ciwon girma ba ya yawo, Baban Mwende. Ba ya zafi a hannu. Wannan yana lasar gaɓoɓi ne ya wuce, ba su yake nema ba. Nan yake zuwa." Ta ɗora yatsa a ƙirjinta. "Ka san famfon nan namu, in robarsa ta cinye, ka murɗa iya ƙarfinka yana ɗiga? Haka suka ce ƙofar zuciyata take. Tun ina yarinya ta cinye, ban sani ba sai da na yi aure."

Wannan ita ce irin maganar da na shekara tara ina jira wani ya faɗa mini, kuma da ta zo sai na ji ina jin haushin mai faɗinta.

"Likita ya duba ta," na ce. "Mutumin ya yi karatu a waje."

"Ya ga ƙafar tana haka?"

Sai ga Kalekye ta fito da gishirin a murfin kwalba, kuma daga fuskarta na san ta ji komai. Ta ajiye a hannun kujerar.

"Ga shi, Nekesa. Allah ya ƙara sauƙi." Ta kama hannun Mwende. "Ke kuma wuce ciki."

A ɗaki ta rufe ƙofa, ta rage murya, ko da yake ta san bangon.

"Ba na son wannan. Mutum yana ciwo sai ya riƙa ganin ciwonsa a jikin 'ya'yan mutane. Ta shafa mata ƙafa tana kiran mata zuciya? Da bakinta?"

"Ba da mugunta ta faɗa ba."

"Ban ce da mugunta ba. Amma wadda ba ta yi goyo ba, me ta sani a ciwon yara? Uwata ta haifi takwas. Kai kuma na ga idonka ya fara. Kada ka soma, Baban Mwende, don Allah kada ka soma. Ranar Asabar ba za ku koma wurin likitan ba? To."

Daga bayan bangon aka yi tari, dogo, mai ruwa-ruwa. Muka yi shiru har ya tsaya.

Daga ranar aka hana Mwende zuwa wajen kujerar. Idon sawun ya saɓe, ciwon ya ɗauke kamar an share. Kalekye ta ce, "To, ina zuciyar?" Yarinyar ta koma makaranta. Amma na lura da wasu abubuwa da ban gaya wa kowa ba. In an aike ta shagon bakin titi takan dawo ta zauna a dokin ƙofa, bakinta a buɗe. Wasan igiya da take so, sai ta zama ita ce mai riƙe igiyar. Wata yamma tana barci na sa kunnena a ƙirjinta. Na ji abu yana bugawa da sauri. Ban san yadda ya kamata ya buga ba, ban taɓa sauraren na wani yaro ba.

Nekesa kuwa ƙasa take yi. Kumburin ya hau har ciki. Leɓɓanta suka yi duhu. Mun daina fito da ita kullum, don ɗaukar ma tana wahalar da ita. In na wuce ƙofarsu da safe nakan gan ta a zaune cikin duhun ɗaki, labule a ɗage, idonta a kan ƙofarmu. Ba ta sake yi mini maganar ba. Sai dai ta ce, "Yaya yarinyar?" in ce, "Da sauƙi," ta ce, "To." Barasa ya daina tsokanata. Ranar da ya kira ni Mutiso na san abin ya yi nisa.

Ranar Asabar ɗin da za mu koma Ngara, Mwende ta tashi ba ta iya riƙe kofin shayi. Wuyan hannunta na dama ya kumbura ya yi ja, ko zanen gado ya taɓa sai ta yi ƙara. Ciwon da muke cewa ƙasa yake yi, ga shi ya hau sama. Kalekye ta tsaya da butar shayi a hannu tana kallo.

"Ta kwanta a kansa ne," ta ce, amma a hankali ta faɗa.

"Yau ba za ta iya matatu ba," na ce. "Bari in kira likitan in ce sai wani makon."

Ina laluben waya aka buga ƙofa. Barasa ne, rigarsa a birkice.

"Mutiso, zo ka kama mini."

Mun same ta ta sunkuya gaba, hannuwanta a kan gwiwa, tana jan iska kamar mai shan kunu mai zafi. Akwai kumfa mai ɗan ja a gefen bakinta. Muka ɗauke ta da kujerar, wannan karon ba wanda ya yi wa wani ba'a. Barasa ya riga ya kawo motar burodinsa bakin ƙofar gida, ƙarama ce, bayanta cike da akwatunan da ba komai a ciki. Matan gida suka firfito suka tsaya da bokitai a hannu. Muka ajiye kujerar dab da ƙofar mota, Barasa ya sa hannu zai ɗaga ta.

Ta riƙe hannun kujerar.

"Nekesa, saki."

Ta girgiza kai. Ta wuce shi da kallo, zuwa inda Mwende ke tsaye a bayan uwarta, ta tallafe hannunta da ɗayan.

"Akwai wuri," in ji Nekesa. "A baya."

"Me kike cewa? Saki mu tafi."

"Da ita."

Barasa ya dube ni, ya dubi Kalekye. "Maman Mwende, kin ji abin da take cewa."

"Yarinyar ba ta ko wanke fuska ba," in ji Kalekye. "Ku tafi, Barasa, kada ku ɓata lokaci. Mu za mu kai ta daga baya."

"Daga baya," in ji Nekesa. Ta yi tari, Barasa ya goge mata baki da hannun rigarsa. "Ni ma daga baya aka kai ni."

Ya gwada ɓamɓare yatsunta. Matar da ba ta iya ɗaga cokali, ya kasa. Ya durƙusa a gabanta cikin ruwan kwata.

"Don Allah, 'yar gidanmu. Kada ki yi mini haka a titi."

Ba ta dube shi ba. Ni take kallo. Jijiyar wuyanta tana tsalle kamar za ta fasa fata.

"Jiniya," ta ce. "Yau ka yi kukanka mana."

Wata mata a bayana ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Na juya na ɗauki Mwende. Na zaci Kalekye za ta tare ni. Sai ta shiga ɗaki da gudu ta fito da rigar sanyin yarinyar da katin asibiti, ta cusa mini a aljihu. Nekesa ta saki kujerar.

Motar tana warin burodi. Nekesa a gaba, tagarta a buɗe don iska, mu biyu a baya tsakanin akwatuna. A Juja Road muka shiga cunkoso, Barasa yana danna oda yana zagin masu matatu da kakanninsu. Nekesa ta miƙo hannu baya ta tsakanin kujeru, ba ta juyo ba. Mwende ta ɗora hannunta mai lafiya a ciki.

Na kira Dakta Kinyua in gaya masa ba za mu zo ba.

"Lafiya dai?" ya ce.

"Wuyan hannunta ne ya kumbura."

"Wuyan hannu? Da zafi?"

"Da zafi. Kamar yadda idon sawun ya yi."



"Idon sawun ya kumbura? Gwiwoyin fa?"

"Su ma sun ɗan yi. Amma kafin mu zo wurinka sukan saɓe."

Na ji ya ja numfashi. "Baban Mwende, kada ka kawo mini ita. Ka wuce babban asibiti yanzu. Ka ce musu ciwon yana tashi daga gaɓa zuwa gaɓa, ka ce su saurari zuciyarta. Ka faɗa musu haka, kada ka rage komai. Ka bar ta ita ma ta yi magana."

"Muna hanya," na ce.

A ƙofar asibiti aka raba mu. Aka ɗora Nekesa a gadon turawa a zaune, aka yi hagu da ita, Barasa yana bin su da takalminta a hannu, takalmin da ba ya shigarta. Mu aka nuna mana dama, wajen yara. Mwende ta ce, "Anti ba ta yi mini sallama ba." Na ce za mu je mu gan ta in mun gama.

Likitar yaran wata doguwar mace ce mai furfura a gaba. Na faɗa mata yadda aka ce in faɗa. Ta tambayi Mwende, ni kuma na kama bakina. A nan na ji abin da ban sani ba: cewa da safe sai ta dafa bango take zuwa bayi, cewa ta daina wasan igiya ne don ƙirjinta yana mata kamar ta haɗiyi tsuntsu. Likitar ta sa abin saurare a ƙirjinta, ta matsar, ta dawo wurin farko. Ta daɗe a wurin. Ta sa ta kwanta ta gefen hagu, ta sake saurare. Ni ina kallon fuskarta, ita kuma ta ƙi kallona.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton zuciya, aka ba ta gado. Da la'asar likitar ta kira ni gefe. Ta ce ciwon maƙogwaron nan ne mafari. Ta ce ya taɓa ƙofar zuciyar, tana ɗan ɗiga, amma ba ta cinye ba. Ta ce wani lokaci takan gyaru, wani lokaci ta tsaya a haka. Abin da zai hana ta ƙaruwa shi ne allura, duk wata, ba fashi, har yarinyar ta girma ta zama mace, wataƙila ma fiye.

"Za ta haihu?" na ce. Ban san daga ina tambayar ta fito ba.

Ta dube ni a karon farko. "Shekararta tara, baba. Mu fara da allurar wannan watan."

Na fita neman Barasa in gaya masa. Na same shi a kan benci a doguwar baranda, takalmin yana kan cinyarsa. Da ya gan ni sai ya matsa ya ba ni wuri. Muka zauna. Can ya ce, "Me suka ce?"

Na gaya masa.

Ya gyaɗa kai. "Ta tambaya. Kafin su sa mata abin hanci, ta ce an saurari yarinyar? Na ce an saurara. Ban ma sani ba, na dai ce mata haka." Ya juya takalmin. "Ba ta kai azahar ba."

An kafa rumfar makoki a tsakar gida kamar yadda ake yi, aka yi kwanaki ana waƙoƙin coci ana dafa shayi a babbar tukunya. Kalekye ce ta riƙe murhun daga farko har ƙarshe, ba ta bari kowa ya karɓe ta ba, hayaƙi yana sa ta hawaye. Mwende tana asibiti, ba ta ga komai ba. Ranar da aka sallame ta, an riga an ɗaure akwatin gawar a saman mota an tafi Bungoma. Barasa bai dawo ɗakin ba. Ya aiko ƙaninsa ya kwashe kaya, ya bar kujerar a gefen famfo da matashi ɗaya, ya ce ba wuri a mota. Yanzu wasu samari biyu ne a ɗakin, suna kunna rediyo. Bangon ya koma bango.

Jiya muka je allura ta uku a ƙaramin asibitin unguwarmu. Allurar tana da kauri kamar madara, a ɗuwawu ake yi, kuma Mwende ta riga ta san hanyar, tun daga tasha take fara jan ƙafa. Ma'aikaciyar ta gan ni ta ce, "Jiniya, ka zo?" Na ce na zo. Ba wanda ya yi dariya.

Da muka dawo ba ta iya zama a benci ba. Ta zagaya tsakar gida tana ɗingishi, sannan ta je ta hau farar kujerar, ta karkata gefe ɗaya, ta gyara matashin a bayanta. Kalekye ta leƙo daga ƙofa, ta buɗe baki, ta rufe, ta koma ciki. Rana ta sauko wajen famfo. Kafin a jima yarinyar ta yi barci, kanta ya faɗa kafaɗa, ƙafafunta suna lilo ba su kai ƙasa ba.

Ina da ƙyauren da zan kai wa wani kafin yamma. Na ɗauki jakata, na zo wucewa, na tsaya. Famfon yana ɗiga cikin bokitin wani. A gefen wuyanta, ƙarƙashin kunne, wata 'yar jijiya tana motsi a hankali. Na ajiye jakar a ƙasa.